Tukwanen Ƙasar Tsalle

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta ba ta lilo, ya hore wa ruwa gangara, ya ba kowane mai numfashi rai ɗaya tak ya ce ya riƙe da kyau. Bayan haka, ku gyara zama, mai tauna cingam ya tofar. Ni ce Tabawa 'yar maginiya, ta Rafin Marke. Ban yi boko ba, ban kuma ga abin da rashinsa ya rage ni da shi ba. Na aurar, na yi jikoki, kuma tun ranar da aka fara aike na rafi ban taɓa fasa tulu ba. Zan ba ku labarin wata ƙasa da na shiga, wadda har yau ban gane kanta ba. Wanda ya fahimta ya yi mini bayani daga baya, amma kada a katse ni.

Na je birni ne wajen 'yata Hansatu. Yaranta suna da wani akwati da ake jona wa talabijin, su riƙe wani abu mai kama da ƙahon rago suna ta latsawa suna ihu. Rannan da hantsi suka tafi makaranta suka bar shi a kunne. Ina cikin sharar falo na ɗaga kai, sai na ga cikin gilashin nan kaca-kaca da tsingaro, an farfasa tukwane an watsar, ga wata halitta tsaye a tsakiya tana kaɗa ƙafa, ko kunya babu. Ni kuwa idona ba ya ganin datti ya ƙyale. Na miƙa tsintsiya in share. Tsintsiya ta shige, hannu ya bi ta, ni ma na bi hannu.

Na faɗo a kan wata ciyawa kore shar, wadda ko akuya ba ta taɓa lasa ba. Na duba gabas na duba yamma, ƙasar duk guntu-guntu ce, kowane yanki yana rataye a sarari babu igiya babu ginshiƙi, a tsakaninsu rami ne marar ƙarshe. Lemo yana tsaye a iska a jere yana juyawa, babu bishiya. Kiɗa yana tashi, babu makaɗi. Na leƙa bayan dutse ko ya ɓuya a can, ban ga kowa ba.

A bakin hanya na ga wani tsohon kunkuru da sanda. Na ce masa, "Sannu Baba, ina kwana?"

Ya ce, "Barka da zuwa Ƙasar Tsalle, kashi na biyu!"

Na ce, "Yauwa. Ina gajiya?"

"Barka da zuwa Ƙasar Tsalle, kashi na biyu!"

Na ce, "Na ji. Ina hanyar fita?"

Ya sake maimaitawa, da murya ɗaya, da murmushi ɗaya. Na ce Allah ya ba shi lafiya.

Sai wannan halitta ta matso. Tunku ne, amma yana tafiya da ƙafa biyu, kansa ya kai girman ƙwarya, idanu kamar faranti. Yana sanye da 'yar shara ja, wando kuwa babu. A bisa kansa wasu ƙananan kawuna uku masu kama da nasa suna shawagi suna bin sa.

Ya ce, "Iya, sannu da zuwa! Ni ne Firit, gwarzon ƙasar nan. Kin dai ji labarina tun kashi na farko."

Na ce, "Ban ji ba. Ina wandonka?"

Ya dubi ƙafafunsa kamar yau ya fara ganin su. Ya ce, "Haka aka zana ni."

Na ce, "Wanda ya zana ka bai kyauta wa uwarka ba. Nuna mini ƙofa, na bar wake a wuta."

Nan ya ba ni labari. Wai ƙofar ƙasar guda ɗaya ce, kuma wata muguwar dorina mai suna Dumɓaru ta cire ta ta kai gidanta a can ƙarshen duniya. Sai an je an ƙwato. Ya nuna kawunan nan ya ce su ne rayukansa. In ɗaya ya tafi, saura su riƙe shi. In duk suka ƙare, duhu zai sauko, ƙasar ta koma farko, kowa ya manta abin da aka yi.

Na ce, "Ni kuma fa?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce, "Wanda ba ɗan nan ba, in duhun ya same shi a ciki, sai a ba shi magana ɗaya da wurin tsayuwa." Ya nuna kunkuru da haɓa.

Na dubi tsohon nan yana ta murmushi shi kaɗai. Ni da nake da maganar da zan gaya wa surukai uku da jikoki cike da gida, a ce an bar ni da guda ɗaya har abada? Na gyara ɗaurin zane na ce, "Wuce mu tafi."

Ba mu yi nisa ba muka iske tukwane a jere a gefen hanya, kowace da murfinta. Ginin hannu ne mai kyau, an yi musu zane a wuya. Kafin in buɗe baki, ɗan banzan nan ya yi wani juyi kamar guguwa, ya tarwatsa biyu. Na cafke wutsiyarsa.

"Kai! Na wa ne?"

"Na wa? Iya, tukwane ne. Fasa su ake yi."

"In ji wa?"

"Haka ake yi tun kashi na farko. Akwai lemo a ciki, wani sa'in har da sabon rai. Da su nake cike gurbin wanda ya tafi."

Na ce, "Ko ran ubanka ne a ciki, ka tambayi mai su? Ka san yadda ake haƙo yumɓu? Ka san yadda ake kwaɓa shi da ƙafa har gwiwa ta yi tsami? Ka taɓa tsayawa a bakin wutar gashi? Muddin ina tare da kai, ba ka ƙara taɓa tukunyar mutane."

Ya ce wai ba laifinsa ba ne, jikinsa ne da ya kusanci tukunya sai ya juya da kansa. Na ce to jikin nasa ya bi ta ɗaya gefen hanya. Daga nan duk inda muka hango tukwane, wutsiyarsa tana hannuna har mu wuce.

Tun da muka tashi nake jin kamar ana kallon ƙeyata. Na waiga, sai ga wani ido guda, ƙato, babu fuska babu jiki, yana shawagi a bayanmu. In na juya dama ya bi, in na juya hagu ya bi. Na ce masa, "Malam, lafiya?" Ya ƙara matsowa. Na ce, "Ba a koya maka ba a bin bayan matan mutane da kallo?" A lokacin Firit ya riga ya yi gaba, yana tsallake wasu duwatsu da ke bisa rami. Na cire mayafina na yafa wa idon nan, na ɗaure ta ƙasa.

Sai na ji, "Iya! Wa ya kashe fitila?" Sai wata ƙara doguwa tana yin ƙasa, tana yin ƙasa, har ta ɓace.

Na leƙa ramin, babu shi babu alamarsa. Na zauna a bakin ramin na yi salati. Yaro marar kunya ne, amma ɗan wani ne. Ina tunanin wa zan je in yi wa gaisuwa, ko kunkurun nan danginsa ne, kuma yaya za a yi sutura babu gawa, sai na ji an ce a bayana, "Iya, don Allah cire mayafin nan."

Na zabura na ɗaga tsintsiya. "A'uzu billahi! Koma inda ka fito! Ba ni na tura ka ba!"

"Ni ne, Iya. Rai ɗaya ne kawai ya tafi. Da idon can nake ganin inda zan sa ƙafa."

"Naka biyun nan masu kama da faranti fa, na ado ne?"

Ya ce bai sani ba, shi dai haka abin yake. Na duba bisa kansa, kawuna sun koma biyu. Na karɓe mayafina, amma na gaya wa idon ya riƙa tafiya a gefe kamar mai mutunci. Bai ji ba.

Za ku ce ni yaya nake tsallake ramukan. Ba na tsallakewa. Mace mai jikoki ba ta tsalle. Na zaga bayan wani tsauni ne ina neman inda zan kama ruwa, sai na ga ashe tsaunin gaba kawai gare shi, bayansa fayau kamar an jingine zana, ko fenti ba a shafa ba. Haka bishiyoyi, haka gidaje. Ta nan na riƙa bi a hankali ina riga shi isa. Na ce ya biyo ni, ya gwada, sai ya yi ta karo da wani bango da ba a gani, yana gudu a wuri ɗaya. Na ce, "Wane irin gini ne wannan, bango a inda babu bango, babu kuma a inda ya kamata?" Ya ce kada in tambaye shi.

Muka ratsa ƙasar da ruwa yake hawa sama. Muka ratsa ƙasar ƙanƙara inda kaji suke sanye da takalmin ƙarfe suna zamiya. Muka ratsa wata kasuwa da kowa yake tafiya daga nan zuwa can ya dawo, ba saye ba sayarwa. Na tsayar da wata agwagwa na tambaye ta abin da take nema, ta ce ita ma ba ta sani ba, nan aka ajiye ta.

Daga nan muka iso kogin wuta. Na zaga ta baya na riga shi haurawa. A tsakiyar kogin akwai wani katako da yake zuwa wannan gaɓa ya koma waccan, yana ta kai da kawo shi kaɗai. Na ce wannan ai ganganci ne, wa ya bar gada a kwance haka, yaro ya zo ya faɗa? Da ya iso gefena na danne shi da ƙafa, na sa dutse na tokare shi da kyau, ya tsaya cak. Na share hannuna.

Shi kuwa gwarzon ya taho a guje daga can, ko dubawa bai yi ba, ya daka tsalle zuwa inda ya saba samun katako.

Da ya sake bayyana, gashinsa yana hayaƙi, kai ɗaya ne ya rage a bisa kansa. Wannan karon fuskarsa a murtuke take.

Ya ce, "Iya, me kika yi wa katakon?"

Na ce, "Gyara shi na yi. Mutum ya riƙa duba gabansa kafin ya yi tsalle."

Na cire dutsen don kada a ce na hana shi hanya, ya hauro. A nan gaɓar akwai wata tukunya babba, tana wani ƙyalli. Ya tsaya yana kallon ta.

"Iya, wannan akwai rai a ciki, na san irinta. Guda ɗaya tak. Ki rufe ido. In na mutu yanzu, ke ma kin tafi."

Ba zan ɓoye muku ba, na hango kaina tsaye a bakin hanya da sanda ina yi wa duniya barka da zuwa. Amma na dubi wuyan tukunyar nan na ga sawun babban yatsa inda mai ginin ta shafe shi. Na ce, "Mai wannan yatsa tana nan da ranta a wani wuri. Mu nemo ta mu roƙa." Na ja wutsiya muka wuce, yana kuka da hawaye masu tsalle kamar an matsa buta.

Gidan Dumɓaru yana kan wani tudu, kuma tudun duk tsingaro ne. Muna sa ƙafa kiɗan nan ya canja ya koma irin na 'yan dambe. Ƙasa ta girgiza. Sai ga ta ta miƙe, dorina ce da ta fi rumbu girma, ɗankwalinta ya kai tabarma, ta ɗebo tsingaro cike da hannu ta ɗaga za ta yi jifa. Firit ya fara tsalle-tsalle yana cewa, "Iya, koma baya! Sai na haye kanta na buga!"

Na ce, "Ka shigo gidan mutane babu sallama, kana maganar hawa kai?" Na ture shi baya na tsaya a gaba. "Salamu alaikum, masu gida."

Hannunta ya tsaya a sama. Kiɗan ma ya rikice, ya yi kamar zai ci gaba, ya yi shiru. Ta dube ni ta ce, da wata murya kamar ƙofar da ta shekara a rufe, "Wa alaikumus salam. Da ni ake?"

"Da wa kuma? Ina wuni? Ina aiki?"

Ta zubar da tsingaron. Ta rasa inda za ta sa hannunta. Can ta jawo mini turmi na zauna, ta kawo ruwa a moɗa. A bayanta na hango yumɓu a kwaɓe, da sababbin tukwane an shanya su a kan wani faffaɗan katako mai marfi da sakata. Ƙofar ce. Na ɗauki tukunya ɗaya na ƙwanƙwasa da farce, ta yi ƙara ras.

Na ce, "Ashe ke ce mai ginin. Hannunki yana da kyau, sai dai gindin ya ɗan yi kauri."

Sai dorinar nan ta fashe da kuka. Ta ce, "Yaya, sadaka nake ajiyewa. Hanyar nan tana cin mutane, shi ya sa nake sa lemo da ɗan abin da ya sawwaƙa a tukunya, in rufe saboda ƙura, mai wucewa ya buɗe ya ɗauka. A kashi na farko wannan marar wandon ya fasa su kaf, ya zo har gida ya haye kaina, aka yi masa kiɗa da tafi. Na share hawaye na sake gini, ban gama gashi ba aka ce ga kashi na biyu. Shi ne na riƙe ƙofar, don dole ya zo ya dube ni."

Na ce, "Wai wa yake raba muku kashi-kashin nan?"

Su biyun suka nuna sama. Na duba, ban ga kowa ba sai idon nan marar kunya.

Firit ya ce, "Ni fa an ce mini muguwa ce."

Na ce, "Rufe mana baki." Na juya wajenta. "Ƙanwata, yaro ya yi laifi. Me zai sanyaya miki rai ki ba mu ƙofa?"

Ta share hanci da gefen ɗankwali. Ta ɗauko wata tukunya mai ƙyalli ta dire a tsakar gida. Ta ce, "Ya buɗe wannan da hannunsa, kamar ɗan mutane. In ya buɗe, abin ciki nasa ne, ƙofa taku ce. In ta fashe, wallahi zama zan yi a kansa."

Firit ya koma fari fat, har 'yar shararsa. Ya raɗa mini, "Iya, ban iya ba. Abu biyu aka koya mini, tsalle da juyi. A kashi na biyun nan aka ƙara mini faɗuwa da ciki. Babu buɗe murfi a ciki." Ya ɗan matsa kusa da tukunyar don ya nuna mini, nan take ƙugunsa ya fara murɗawa da kansa. Na fizgo shi.

Na tsaya ina tunani. Ban gane ƙasarsu ba, ban gane idonsu ba, ban gane masu raba kashi ba. Amma yaron da jikinsa ya fi ƙarfinsa, wannan kam na sani, na yi renon irinsa har na gaji. Zane biyu nake ɗaurawa kamar kowace mace mai mutunci. Na kwance na sama na duƙa.

"Hau."

"Iya, ni fa gwarzo ne. Ana kallo."

"Hau, ko in taimaka mata ta zauna."

Ya hau. Na goya shi, na tamke ƙafafun nan da ƙugun, na ɗaure a ƙirji da ƙullin da ko ɗan shekara uku mai ƙiriniya bai taɓa kwancewa ba. Na bar masa hannu ɗaya a waje. Warin tunku kuwa, ba a magana. Na taka zuwa tukunyar da baya da baya, na durƙusa. Sai jikinsa ya motsa. Jama'a, kamar na goya injin niƙa! Yana ta fizga zai juya, haƙorana suna haɗuwa, ƙafata tana neman zamewa. Na kafa yatsu a ƙasa na ce, "Ba da ni ba. Miƙa hannu. A hankali, ba mari za ka yi ba. Ka kama kunnen murfin. Ka ce bismilla."

"Iya, yana zamewa!"

"Yatsu uku gare ka masu kaurin rogo, ka matse. Ɗaga sama. Sama na ce, ba gefe ba!"

Na ji ƙaras. Dumɓaru ta miƙe tsaye, inuwarta ta rufe mu. Na waiga da ƙyar, sai na ga murfi a hannunsa, tukunya kuwa tana zaune lafiya lau. Wani ɗan ƙaramin kai ya fito daga ciki yana murmushi, ya hau sama ya tsaya kusa da ɗan'uwansa.

Na ce, "Mayar da murfin. Ka ce an gode."

Ya ce, "An gode, Gwaggo."

Dumɓaru ta kwashe tukwanenta daga kan ƙofar, ta kafa ta a tsaye a fili, ba bango ba komai, ta zare sakata. Ta ciki na hango falon Hansatu. Wannan ma ban tambaya ba, na gaji da tambaya.

Ina kwance goyo sai Firit ya riƙe mini hannu. "Iya, in kin tafi wa zai riƙa goya ni? Akwai tukwane da yawa a hanya."

Na dubi Dumɓaru, baya kamar fagen sussuka, ba ta da aiki sai jifa. Na ce, "Ke, juyo." Na ɗora mata shi, zanen ya kai da ƙyar, na nuna mata ƙullin har ta iya. Wani rubutu ya fara hawa sama a sarari, mai yawa. Na ce ko mene ne su karanta wa kansu, na shige.

Wake dai ya ƙone.

Da yaran suka dawo daga makaranta suka ɗauki ƙahon ragonsu, sai ihu ya tashi. Wai akwati ya lalace. Na leƙa, ga dorina tana tafe a hankali da tunku a goye, in sun iso tukunya ta durƙusa, ya buɗe, ya ɗauki lemo ɗaya, ya rufe. Suna ta latsawa, ko a jikinta. Ubansu ya kai wa mai gyara, mai gyara ya ce shi bai ga abin da ya lalace ba.

Hansatu ta ƙura wa gilashin ido, ta dube ni, ta sake dubawa. Ta ce, "Inna, wancan ba zanen da na saya miki da salla ba ne?"

Na ce, "Shi ne. Ki bar mata har ta yaye shi."

Iyakar abin da idona ya gani ke nan. Abin da ban gane ba na bar wa Allah, ku kuma ku tashi ku ba ni wuri in shimfiɗa ƙafa.